Wanke mota da kare fentinta: kayan da suka cancanci kuɗinka da yadda ake aiki da su

Ka tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana ka dubi bonet ɗinta, za ka ga siraran ƙarce zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Mafi yawansu ba a kan titi aka samo su ba. Wajen wanki aka yi su, ko kuma da safe lokacin da aka sa tsumma aka share ƙura a bushe. Saboda haka kafin a yi maganar wane kaya za a saya, sai an san abin da ake son karewa da abin da ke cinye shi.

Fentin motar zamani hawa uku ne a kan ƙarfe: faraima, wato shafin farko, a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wato shafin nan marar launi da ke ba mota sheƙi. Duka ukun idan aka haɗa, kaurinsu a motar da ta fito daga kamfani yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kiliya kuwa wajen 40 zuwa 50 ce kawai, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Kiliyar ce ke tare zafin rana, kuma idan ta ƙare ba ta tsirowa. A ƙasar Hausa abokan gabarta huɗu ne: rana, ƙurar hunturu, ruwan bohol mai gishirin ƙasa, da abin da ke zubowa daga bishiya. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri, har gilashi ma sun fi shi. Duk wanda ya danna tsumma a kanta ya ja, ya goge motarsa da sanfefa ne bai sani ba.

Sabulu

Omo da sabulun wanke kwanuka su ne aka fi kamawa saboda suna kusa. An yi su ne don su narkar da maiƙo, kuma kakin da ake shafa wa mota don kare fentinta maiƙo ne, don haka yawan wanki da su yana tafiya da shi. Garin omo kuma yana da kaifi irin na kanwa, yana busar da robobin gefen gilashi, yana mayar da baƙar roba toka-toka, sannan ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna ƙarce fenti. Haka nan a yi hattara da sabulun ruwa na haɗin gida da ake sayarwa a jarka babu takarda. Sau da yawa akwai soda mai ƙona hannu a cikin haɗin, kuma babu wanda zai gaya maka adadinta.

Abin da ake nema shi ne shamfun mota wanda aka rubuta a jikinsa cewa ma'aunin pH ɗinsa, mai nuna kaifin sinadari, tsaka-tsaki ne, wato kusa da 7. Na kamfanonin Turtle Wax, Meguiar's, Sonax da makamantansu duk suna aikin, kuma tsakanin mai araha da mai tsada bambancin bai taka kara ya karya ba muddin tsaka-tsakin ne. Yawan kumfa ba shi ne inganci ba. Ka jiƙa yatsu biyu a ruwan da ka haɗa ka murza. Santsin da ka ji shi ne ke sa ƙura ta zame ba ta karci fenti ba.

Kada farashin kwalba ya ruɗe ka, ka duba yawan ruwan da ake sirka shi da shi. Wanda ake zuba mililita 30 a bokiti, wato cokalin cin abinci 2, lita guda tasa za ta yi wanki 33, kusan wata 8 ke nan ga mai wanki sau ɗaya a mako. Wani kuma rabin kuɗin wancan ne amma sai an zuba mililita 100, ka ga a ƙarshe shi ne mai tsadar. A bi ma'aunin da ke jikin kwalbar. Zuba fiye da ƙima ba ya ƙara tsabta, sai dai ya bar dabbare-dabbare ya kuma ci ruwa wajen ɗauraya. Shamfun da aka rubuta yana ɗauke da kaki a ciki ba laifi, amma kariyarsa ta 'yan kwanaki ce, kada a ɗauke shi a matsayin ya wadatar.

Tsumma, inda ya kamata kuɗin ya fi tafiya

Idan kuɗi ba su isa komai ba, a rage a sabulu a ƙara a tsumma. Tsohuwar riga, tawul ɗin wanka da soson katifa duk fuskarsu a shafe take, ƙwayar yashi ba ta da inda za ta shige, sai ta tsaya tsakanin tsumma da fenti ana jan ta. Yadin maikirofaiba, wato na siraran zaren roba, yana da gashi mai zurfi da ke ɗauke ƙwayar ya ɓoye ta. Abin da mai mota ɗaya ke bukata bai wuce wannan ba:

- safar wanki ta maikirofaiba guda 1, mai dogon gashi
- babban tawul na busarwa guda 1, mai kauri
- ƙananan tawul 6 masu faɗin santimita 40, masu nauyin giram 300 zuwa 400 a murabba'in mita
- burushi mai taushi da tsumma na daban don taya da wili
- bokiti 2 na lita 20. Wankakken bokitin fenti ya isa

A ware launi: misali shuɗi na jikin mota, rawaya na gilashi, baƙi na taya. Wanda ya taɓa wili kada ya sake hawa fenti, domin ƙurar birki ɓarɓashin ƙarfe ce. A cire takardar da ke ɗinke a gefen sabon tawul, ita ma tana ƙarce. Idan kana shakkar taushin wanda za ka saya, ka goga shi a bayan tsohon faifan CD. In ya bar sawu a can, zai bari a mota. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi.

Wankin tawul ɗin ma da ƙa'ida. Sabulun ruwa kaɗan, ruwan sanyi ko mai ɗumi, su kaɗai ba tare da kayan auduga ba don kada su kwashi zare. Ba a sa musu maganin tausasa tufafi saboda yana toshe gashin su daina shan ruwa, ba a kuma yi musu guga saboda zafi na narkar da zaren. A shanya a inuwa, a adana a leda mai rufewa.

Yadda ake wankin

Lokaci shi ne farko: da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Ka ɗora bayan hannunka a bonet, in da zafi ka jira. A kan ƙarfe mai zafi ruwa yana bushewa kafin ka kai gare shi, ya bar gishirinsa a fenti.

1. A cika bokiti ɗaya da ruwa lita 12 zuwa 15 a zuba shamfu bisa ma'auni, ɗayan kuma ruwa zalla. Akwai raga ta roba da ake sawa a gindin bokiti don yashi ya kwanta ƙarƙashinta; in babu ita, kada dai safar ta taɓa gindin bokitin.
2. A fara da taya da wili, da kayansu na daban. In aka bar su ƙarshe, dattinsu zai fantsamo kan jikin da aka gama.
3. A kwarara wa motar ruwa tun daga rufi har ƙasa kafin hannu ya taɓa ta. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa don tattalin ruwa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci a lokacin hunturu. Mai injin feshi ya tsaya da bakin injin aƙalla santimita 30 daga fenti, kada kuma ya nufi inda fenti ya riga ya ɓantare ko gefen sitika.
4. A tsoma safa a ruwan sabulu a wanke ɓangare guda: rufi, gilasai, bonet, but, saman ƙofofi. A ja ta a miƙe gaba da baya, ba zagaye ba, kuma ba a dannawa. Nauyin jiƙaƙƙiyar safa ya wadatar.
5. Bayan kowane ɓangare a girgiza safar a bokitin ruwa zalla, a matse a ƙasa, sannan a koma ga sabulu. In ruwan ɗaurayar ya yi ja, a canza shi.
6. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe, nan ne yashi ya fi taruwa.
7. A ɗauraye kafin kumfa ta bushe. A ƙarshe a zuba ruwa a hankali daga sama ba tare da fesawa ba, zai gangara ya janye mafi yawan ɗigon da kansa.
8. A shimfiɗa babban tawul a kan rufi da bonet a ja shi daga gefe. A buɗe ƙofofi da but a tsane bakinsu, da ƙarƙashin madubi da murfin tanki, inda ruwa ke maƙalewa ya dinga tsiyayowa daga baya.

Ƙaramar mota takan ci jarka 3 a irin wannan wanki. Inda ruwa ke wuya, akwai maganin wankin da ba ya bukatar ɗauraya, irin su Optimum No Rinse, wanda ake zuba mililita 30 a ruwa kimanin lita 8. Ana jiƙa ƙananan tawul 5 ko 6 a ciki, a fara fesa ruwan haɗin a ɓangaren da za a wanke ya jiƙa ƙurar, a ninke tawul huɗu a shafa sau ɗaya da kowace fuska, a busar nan take. Tawul ɗin da aka yi amfani da shi ba ya komawa bokiti. Wannan na ƙura ce mai sauƙi. Motar da ta dawo daga ƙauye da damina da taɓo har ƙofa, ruwa take so.

Ga mai kai mota wurin masu wanki kuwa, abu mafi sauƙi shi ne ya ajiye safarsa da tawul da shamfunsa a but ya miƙa musu, ya kuma tsaya ya ga an jiƙa motar kafin a taɓa ta. Tsumman da ya wanke motoci goma tun safe ba abin da za a ɗora a kan fentinka ba ne.

Kariya: kaki, ruwan kariya ko siramik

A kasuwa kusan komai folish ake ce masa, alhali aiki biyu ne mabambanta. Folish na gaskiya yana da ɗan kaushi, aikinsa shi ne ya kankare saman kiliya kaɗan don ƙarce ya ɓace. Kowane zagaye da inji yana rage 'yan maikiron daga abin da tun asali bai wuce 50 ba. Mai kai motarsa a yi mata folish da inji duk bayan wata biyu yana sayen sheƙin yau ne da ran fentin, kuma a gefen bonet da kan ƙofofi, inda fenti ya fi siranta, nan ake fara ganin launi ya ƙone. Sau ɗaya a shekara ma ya yi yawa ga motar da ake wankewa daidai. Kariya kuwa ba ta cire komai, shafi ne ake ɗorawa a sama don rana da datti su ci shi maimakon kiliya.

Kakin kanuba, na gwangwani, ana samo shi ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Yana ba da sheƙi mai kyau musamman a baƙar mota da ja, kuma yana da araha. Matsalarsa zafi: yana narkewa a wajen digiri 82 zuwa 86, rufin baƙar mota kuwa a ranar bazara yana iya haura digiri 70. A irin yanayin Sakkwato ko Maiduguri, motar da ke wuni a waje da wuya kakin ya kai mata wata 2. Wanda bai son yawan hidima ya bar shi.

Ruwan kariya na haɗin masana'anta ya fi jure zafi, yakan yi wata 4 zuwa 6 idan an shafa shi a kan fenti mai tsabta. Akwai na shafawa da soso kamar Soft99 Fusso Coat, akwai na feshi kamar Turtle Wax Seal N Shine. Sai kuma na feshi masu ɗauke da sinadarin silika, waɗanda ake rubuta siramik a jikinsu, kamar Turtle Wax Hybrid Solutions Ceramic Spray Coating da Meguiar's Hybrid Ceramic Wax. Na Meguiar's ɗin nan, bayan shafin farko, ana fesa shi ne a kan jiƙaƙƙiyar mota a kore shi da ruwa a busar. Duk watannin da kamfani ya rubuta a kwalba, mai zaune a ƙasa mai zafi da ƙura ya raba su biyu, ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Ga mai neman araha da sauƙi, na feshin nan su ne zaɓi. Kwalbar rabin lita tana yi wa ƙaramar mota shafi da yawa, aikin bai wuce minti 20 ba, ba ya bukatar inji, kuma yawancinsu ba sa barin farin tabo a baƙar roba yadda kaki ke yi. Siramik na ƙwararru, wato shafi mai tauri da masu sana'ar ke ɗora wa fenti, wanda ake cewa yana shekara 2 zuwa 5, yana da kyau idan an samu wanda ya iya, amma mafi yawan kuɗinsa na gyaran fentin ne kafin a shafa, kuma in aka shafa ba daidai ba sai da inji ake cire shi. Alamar 9H da ake tallarsa da ita ma'aunin taurin fensir ne, ba ta nufin yashi ko makulli ba za su ƙarce motar ba. In har za a ci gaba da share ta a bushe, kuɗin ya tafi a banza.

Shiri kafin shafawa

Kariya ba ta kama datti, fenti take kamawa. Bayan wanki da busarwa, ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji gwarji-gwarji, akwai abin da ya manne wanda sabulu bai fitar ba. Ana cire shi da ƙullun yumɓu na mota, wani haɗin masana'anta mai kama da yumɓu: a ɓalli ɗan guntu a baje shi kamar faɗin yatsu uku, a fesa ruwan shamfu sosai, a dinga zamar da shi a hankali a wuri mai faɗin rabin mita har sai ya daina kamawa. In fuskarsa ta yi datti a ninke. Ba a taɓa yin sa a bushe, kuma in ya faɗi ƙasa a jefar. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Ɗigon kwalta a ƙasan ƙofa, a ɗiga kananzir a tawul a ɗora minti ɗaya, a share, a sake wanke wurin da shamfu. Fetur da tina ba sa zuwa kusa da fenti. Fararen tabon ruwan bohol kuwa, a haɗa farin binega da ruwa daidai-wa-daida, a jiƙa tawul a ɗora minti ɗaya ko biyu a inuwa, a ɗauraye. In tabon bai fita ba, ya riga ya ci cikin kiliya, sai folish mai laushi a wurin kawai.

Daga nan sai shafawa, a inuwa, ƙarfe da sanyi, ranar da iska ba ta kaɗa ƙura. A girgiza kwalba, a fesa sau 2 a ƙofa guda, sau 3 ko 4 a bonet, a baje da tawul ɗaya, a bi da busasshe nan take a goge har sheƙi ya fito. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawaitawa. Shi ke kawo layi-layi da duhu-duhu masu kamar maiƙo, musamman a baƙar mota. In haka ta faru, a bi wurin da tawul mai ɗan damshi sannan busasshe tun bai daskare ba. Gilashin gaba a bar shi, domin wasu daga cikin waɗannan kaya suna sa waifa ta dinga tsalle tana barin hazo da dare. A ba shafin awa 24 ba wanki, don haka da damina a duba sararin sama kafin a fara.

Sanin lokacin sabuntawa ba wuya. Bayan wanki ka watsa ruwa a bonet: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kariya na nan. In ya kwanta shimfiɗe, lokaci ya yi. Rufi, bonet da but su ke fara rasa ta, ana iya sabunta su kaɗai. Mai son tsari ya riƙe lokaci uku: farkon Nuwamba kafin hunturu ya kankama, Maris kafin zafin bazara, da Yuni ko Yuli da shigar damina.

Abubuwan da ba sa jiran ranar wanki

Kashin tsuntsu da na jemage suna da asid, kuma a kan ƙarfe mai zafi cikin wuni guda suna iya barin sawu da ba ya fita. Inuwar darbejiya da mangwaro tana da daɗi, amma ita ke zuwa da su, haɗe da ƙaro da ruwan 'ya'yan itace. A ajiye ƙaramar kwalbar feshi da ruwan shamfu da tawul guda a mota. A jiƙa wurin, a ɗora jiƙaƙƙen tawul minti 2 ko 3 ya yi laushi, a ɗage shi sama, ba a murzawa domin akwai tsakuwa a kashin tsuntsu. Ƙaron da ya daskare, sifirit na kyamis a kan tawul yana narkar da shi, sai a sake fesa kariya a wurin. Man birki yana cin fenti cikin mintoci, in ya zuba a gareji a kwarara ruwa nan take. Fetur da ya tsiyayo daga bakin tanki ma a share shi kafin a bar gidan mai.

Tamfol na rufe mota yana taimako ne kawai idan motar a wanke take kuma cikinsa mai laushi ne. In aka rufa shi a kan ƙura iska ta wuni tana kaɗa shi, ɓarnarsa ta fi ta rana. Rumfar kwano ko ta zana ta fi shi nesa ba kusa ba.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Panteka ta Kaduna, ko manyan kantuna, a duba hatimin murfi, lambar rukunin da aka buga a kwalba, da tsabtar rubutun takarda. Kayan da suka daɗe a rana a gaban shago sukan rabe gida biyu su ƙi haɗuwa ko an girgiza. Irin waɗannan a bar su. Kowane sabon abu a fara gwada shi a cikin bakin ƙofa.

Motar da aka yi wa sabon fenti ana wanke ta da shamfu da ruwa kawai, ba kaki ba ruwan kariya, har sai ta yi wata 1 zuwa 3 gwargwadon abin da mai fentin ya ce, domin sinadaran fentin suna bukatar su gama fita. Wadda kuma kiliyarta ta riga ta fara yin fari tana ɓawo a rufi ko bonet, kamar yadda ake yawan gani a tsofaffin motocin Kwatano, babu abin shafawa da zai dawo da ita. Kaki zai ɗan duhunta wurin na mako guda, folish kuma ƙara faɗaɗa ɓawon zai yi. Wannan ɓangaren sai a kai wa mai fenti ya kankare ya sake fesawa, sauran jikin kuma a fara ba shi kariya tun bai kai haka ba.